Zuwa Timiya daga Yamai ko Tawa: a hau jirgi ko a bi kar?

Wanda ya buɗe taswira a wayarsa ya ja layi miƙaƙƙe daga Yamai zuwa Timiya zai ga wajen kilomita 880. Jirgi mai farfela, irin wanda ke yawo tsakanin jihohinmu, zai cinye wannan cikin awa biyu da ɗan ɗoriya. Wannan lissafin ne ke shiga kan wanda aka tura aiki can, mushen lakwal ne ko ungozoma ko malamin gona, har ya fara neman mai ranta masa kuɗin biyen jirgi. Haka nake gani duk shekara idan Satumba ta raba tsakiya, sunaye sun fito, kowa na shirin kama aiki a Oktoba. Abin da taswirar ba ta faɗa shi ne babu jirgin fasinja da ke sauka Timiya. Ƙauye ne cikin duwatsun Abzin, a bakin ƙorama, lambunan lemo da rumman da dabino sun kewaye shi, dutse kuma ya kewaye lambunan. Jirgi zai kai ka Agadas ya juya. Saura kai da mota.

Saboda haka kafin a taɓo maganar kuɗi, a fara sanin wane yanki na tafiyar jirgin ke ɗauke wa mutum. Daga Yamai zuwa Agadas a sama wajen kilomita 740 ne, a ƙasa kuwa wajen 950. Wannan ƙarin na 200 kusan duka a kudu ake cin sa. Kwaltar da motocin kar, wato manyan motocin fasinja, ke bi ba ta nufi arewa kai tsaye ba, gabas take yi tana bin gefen iyakar Najeriya: Doso a wajen kilomita 140, sai Dogondutsi, sai Birnin Ƙonni a wajen 420, sannan a Tsarnawa ta karya ta yi arewa, ta ratsa Badagishiri ta shigo Tawa a wajen 550. Alhali tazarar Yamai da Tawa a sama ba ta wuce 370 da ƴan kai ba. Akwai hanyar Filinge da ta fi kusa da wannan layi, amma halin da take ciki da matsalar tsaro a wancan yanki sun sa kamfanonin sufuri zagayawa ta Doso.

Mu mutanen Tawa a nan maganarmu ta zo da sauƙi. Garinmu kusan a tsakiyar layin yake zaune. Tsakaninmu da Agadas a sama wajen 370 ne shi ma, a ƙasa kuma wajen 400, domin daga nan hanyar ba ta wani zagaye. Muna da filin jirgi, gaskiya ne, amma jirgin fasinja da zai ɗauke ka daga Tawa ya sauke ka Agadas a ranar da kake so ba abin da za ka gina shirin tafiya a kansa ba ne. Ba-Adaren da ya nace sai jirgi, to Yamai zai koma.

Wata ɗiyar ƙanwata da aka ba aikin jinya a can ta zo mini da wannan shawarar. Ta ce, "Kawu, an ce hanyar Agadas ta mutu. Ni dai gara in koma Yamai in hau jirgi." Na ce, "Ɗiyata, zauna mu ƙirga. Za ki yi kilomita 550 kina ba Agadas baya don ki guje wa 400. Za ki kwana Yamai, ki biya taksi zuwa filin jirgi, ki biya biye, sannan jirgin ya biyo ta saman ƙasar Adar ɗin da kika baro jiya. Ranar da kika isa Yamai, da arewa kika yi, da kin kwana Agadas." Ta yi shiru ta ce, "To kayana fa, Kawu?" Na ce ai kayan ma suna cikin abin da ya sa kar ta fi miki. Ga wanda ke Tawa ko Abalak ko Ƙonni ko Madawa, ban ga dalilin komawa Yamai ba, sai fa in dama yana da wata buƙata a can.

Ba zan ɓoye ba, abin da aka faɗa mata kan hanyar akwai gaskiya a ciki. Ita ce hanyar uraniyom, wadda aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, don fitar da abin da ake haƙowa a Arlit tun 1971. Shekara arba'in da ɗoriya manyan motoci suna niƙa ta, ga tankokin mai, ga masu albasa, ga masu siminti. Daga Tawa zuwa Tabalak, inda tabkin nan yake da masu soya kifi a bakin hanya, zuwa Abalak a wajen kilomita 135, mutum yana tafiya da sauran ƙarfinsa. Bayan Abalak ne ƙasa ke buɗewa, garuruwa su yi nisa da juna, kuma a wurare da dama direba kan sauka daga kwaltar ya bi gefe cikin ƙura saboda ramukan sun fi gefen muni. An yi ta gyara ta sashe-sashe, don haka halinta na bana ba lalle ya zama na bara ba. Mutanen tasha su suka san inda aka kwana, kuma matambayi ba ya ɓata. Amma a ƙaddara cewa wannan 400 ɗin za ta iya cin lokacin da 550 ta kudu ta ci, ko fiye.

Wanda ke Yamai shi ne ke da zaɓi na gaske. Kar takan tashi kafin asuba. Rimbo, Sonef, Al Izza, STM da sauransu duk suna da tashoshinsu a cikin gari, kuma da wuya a wayi gari babu mai zuwa Agadas. Za ka yi sallar asuba a hanya, ka wuce Ƙonni da rana, ka iso Tawa, sannan a fara wahalar. Shiga Agadas sai dare ya yi, in kuwa taya ta fashe ko an tsaya wani gyara, sai gari ya kusa wayewa. Jirgi daga filin Diori Hamani na Yamai zuwa filin Mano Dayak na Agadas kusan awa biyu ne. Ko ka haɗa da zuwa da wuri da awon kaya da bincike, wanda ya karya kumallo a Yamai zai yi azahar a Agadas, kuma filin can a bakin gari yake, ba ka buƙatar doguwar mota kafin ka hango hasumiyar babban masallaci. Yini guda da rabin dare a gefe ɗaya, hantsi guda a ɗaya gefen. Wannan bambanci ne babba, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa sauka daga kar ƙafafunsa a kumbure ba.

Sai dai kar kullum tana nan, jirgi kuwa yana da ranakunsa. Tun da kamfanin Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida a 2014, jadawalin jiragen cikin ƙasa bai taɓa zama abin da mutum zai haddace ya dogara da shi shekara da shekaru ba. Ana ƙara ranaku, ana ragewa, wani lokaci a dakata. A watan Agusta na 2023 ma an rufe sararin samaniyar ƙasar gaba ɗaya, sai farkon Satumba aka buɗe. In jirgi sai nan da kwana uku zai tashi, wanda ya shiga kar gobe ya riga ka isa, har ya huta.

Kuɗi kuwa babu kusanci. Abin da za ka biya kujera ɗaya a jirgi zai kai mutane da dama Agadas a kar, har su ci abinci a hanya. Ga ma'aikacin da bai ma fara karɓar albashi ba, wannan bashi ne da zai bi shi watanni. Sannan ga kaya. Wanda zai zauna Timiya wata tara ba da jaka ɗaya yake tafiya ba: akwai katifa, bargo, tukwane, buhun shinkafa ko na hatsi, galan na mai, fitila mai aiki da hasken rana, wani ma har da babur. Jirgi a awo yake karɓar kaya, abin da ya haura kuma kowane kilo da kuɗinsa, wani kayan ma ba za a karɓa ba sam. A tashar kar ana yin ciniki a ɗora, a ba ka takarda. Wasu sukan raba: su aika kaya a kar su bi jirgi. Dabara ce mai kyau in akwai amintacce da zai karɓa a Agadas, amma ka biya sau biyu ke nan, kuma ba za ka motsa daga Agadas ba sai kayan sun iso.

To yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Agadas zuwa Timiya a sama wajen kilomita 150 ne, a ƙasa wajen 220. Wanda ya saba da kwaltar kudu zai ce awa uku. A'a. Yini ake yi, in motar katkat ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, mai lafiya. Hanyar takan bi ƙoramar Telwa ta wajen lambunan Dabaga, ta haura zuwa Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza, sannan ta shiga cikin baƙin dutse. Wani wuri rairayi ne mai riƙe taya, wani wuri tsakuwa mai kaifi, wani wuri kuma cikin ƙoramar kanta ake tafiya saboda babu wata hanyar. Babbar mota mai kaya tana iya kwana. Rezon waya yana zuwa yana ɗaukewa, mai gyaran taya ba a kowane zango yake ba, kuma in wani ƙarfe ya karye sai an jira wata mota ta biyo.

Motocin Timiya ba su da agogo. Na ƴan kasuwa ne da masu lambu, Land Cruiser ko Hilux ko kamiyo, suna tashi idan sun gama sayar da abin da suka kawo sun kuma gama lodin abin da za su koma da shi. Za ka iya sauka daga jirgi da hantsi cike da murna, a ce maka motar ta tashi da asuba, wata kuma sai jibi ko gata. Awoyin da ka saya da tsada sai ka zauna ka cinye su a gidan wani a Agadas. Wannan shi ya sa nake cewa a fara shirin daga ƙarshe. Ka nemi lambar wani mutumin Timiya da ke Agadas, ko shugaban lakwal ɗin da za ka, ko babban ma'aikacin gidan likitan, ka ji ranar da mota za ta hau. Daga wannan ranar sai ka ƙirgo baya ka ga ko kar ce za ta kai ka a kan lokaci ko jirgi.

A nan ne kuma kuɗi suka fi amfani. Tsakanin wanda ya samu gidan gaba kusa da direba da wanda ke zaune a kan buhuna a bayan kamiyo, rana na dukan sa, yana riƙe da igiya duk yini, akwai bambancin da ya fi na jirgi da kar. In kuɗinka ba za su isa duka biyu ba, ka jure wa kar, ka sayi wuri mai kyau a motar dutse. In kuna da yawa, mushe biyu ko uku da ma'aikacin lafiya, ku haɗa kuɗi ku yi shatar katkat da direban da ya san Abzin, ku tashi ranar da kuka ga dama da kayanku duka. Na sha ganin wanda ya ƙarar da guzurinsa a biyen jirgi, ya iso Agadas aljihu ya yi sanyi, ya ƙare a saman lodi. Raina yakan ɓaci da wannan, domin shawara kawai ya rasa. A kuma ciri kuɗin da ake buƙata tun a Agadas, inda kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Amana suke da rassa, kada a bari sai an hau dutse.

Lokacin shekara yana juya lissafin. Da damana, daga Yuli zuwa Satumba, ƙoramun Abzin suna da haɗarin da baƙo ba ya gani. Sama tana iya zama tas a inda kake, ruwa ya sauka a kan duwatsu can nesa, cikin ɗan lokaci ƙoramar da ta bushe ta cika tana jan itatuwa. Mutanen Agadas ba su manta farkon Satumba na 2009 ba, lokacin da ruwan Telwa ya shigo gari cikin dare ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa. In direba ya ce a jira ruwa ya wuce, a jira, ko da kwana ne. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Jirgi ba ya rage maka komai a wannan jiran. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Fabrairu, jirgin ne ke shan wahala: hazo yakan rufe gari har a ɗage tashi ko a soke, alhali kar tana tafiya a hankali da fitilu a kunne. Kuma lokacin ne lemon Timiya ke nuna, motoci suna yawan sauka da hawa, samun wuri ya fi sauƙi. Sai dai sanyin dutse ba irin na Tawa ba ne. Ƙauyen yana kan tudu sosai, a yankin da dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022 kuma babu wanda ya fi shi tsawo a Nijar, yake. A sa bargo da rawani a inda hannu zai kai, kada a ɗaure su a ƙasan kaya.

Wani zai ce ai akwai filayen jirgi da suka fi Agadas shiga arewa. Akwai. Arlit tana da nata, amma yawancin masu sauka can jiragen kamfanonin ma'adinai ne. Iferwan, wadda ta zama gunduma a 2011 kuma Timiya ke ƙarƙashinta, tana da wurin saukar ƙananan jirage, sai dai babu jirgin fasinja mai zuwa a kai a kai, kuma daga can ma sai an sake bin dutse ta wajen kufan Asode kafin a iso Timiya. Jiragen da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa na ma'aikatan agaji ne da ƙungiyoyinsu suka yi wa rajista, ba a sayar wa kowa biye. Wanda ke aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi ya tambayi ofishinsu. Saura kada su sa rai.

Akwai masu tsoron jirgi, musamman iyayenmu, kuma a Abzin ana tuna cewa shi kansa Mano Dayak da aka sa wa filin Agadas sunansa a haɗarin ƙaramin jirgi ya rasu cikin duwatsun nan a Disamba 1995. Rai a hannun Allah yake. Amma in ana maganar inda aka fi asarar rayuka, hanya ce, ba sama ba: tafiyar dare, direban da ya gaji, raƙumi ko jaki da ya shigo kwalta, babbar mota da ta lalace aka bar ta babu alama. Ga kuma ƴan fashi da kan tare hanya a wasu sassan arewa, abin da ya sa ake son tafiyar rana da bin shawarar jami'an tsaro. Ta wannan fuska jirgi ya fi, babu gardama. Wanda ya zaɓi kar ya zaɓi kamfanin da ke sa direba biyu, ya riƙe katin shaidarsa da takardar tura shi aiki a aljihun gaba saboda shingayen jandarma da ƴan sanda, ya kuma ɗauki ruwa fiye da yadda yake zato zai sha.

Duk wannan lissafi na Abzin ne. Wanda aka tura Kawar, wato Dirku ko Bilma inda kantun gishiri ke fitowa, nasa daban ne. Bilma tana wajen kilomita 1,300 daga Yamai a sama, kuma tsakaninta da Agadas Tenere ce, rairayi zalla, fiye da kilomita 600 a ƙasa, ana tafiya cikin ayarin motoci da rakiyar soja, ana kwana a hanya. Dirku tana da filin jirgi. Wanda Allah ya ba kujera ta halal zuwa can, ta wurin aikinsa ko ta wata hanya da hukuma ta sani, ya karɓa hannu biyu, kayansa su biyo baya.

Ga mai zuwa Timiya daga Yamai, waɗanda zan ce su hau jirgi ba tare da dogon tunani ba su ne dattijo, da mace mai tsohon ciki ko mai jego, da mai ciwon baya ko wanda aka yi wa aiki bai daɗe ba, da wanda ofishinsa zai biya, da wanda hutunsa kwanaki kaɗan ne kuma an riga an ce masa mota na jiran sa a Agadas. Su ma ina roƙon su yi wa kansu tambaya ɗaya: jikin da ba zai ɗauki kujerar kar ba, zai ɗauki yini guda a kan dutse? In amsar babu tabbas, a kwana biyu a Agadas a huta, a nemi mota mai kyau, ko a ɗage tafiyar. Saurayi ko budurwa mai lafiya da kaya da ɗan guzuri, kar ce tasa, kuma in yana da dangi a Tawa ya raba tafiyar biyu: ya sauka nan ya kwana, ya yi wanka ya ci tuwo, washegari ya kama hanyar Abalak da sabon jiki. Biye biyu zai yanka maimakon ɗaya, ƙarin ba shi da yawa.

Akwai kuma ranar da ba a fata, wadda ya kamata duk mai zama can ya yi mata tanadi tun yana lafiya. In ciwo ya fi ƙarfin gidan likitan ƙauye, za a sauko da mutum babban asibitin jiha a Agadas, in can ma suka ce sai Yamai, to a ranar awa biyu da yini guda ba ɗaya ba ne. Kuɗin jirgin da ba ka kashe wajen zuwa ba, ka bar su a ajiye wurin wani amintacce a Agadas ko a asusun da za a iya cira nan take, ka ba wani na kusa da kai lambar ofishin da ke sayar da biye, ka kuma faɗa wa na gida a Tawa ko Yamai inda kuɗin suke da wanda za su kira.